Lambu a Legas: Yadda Ake Karanta Ƙasa da Ruwa da Iska Kafin a Zuba Iri

Wanda ya taso da noman rani a Kura ko Kadawa ko fadamun Haɗeja, ran da ya samu ɗan fili a gefen titin Badagry ko bayan Iyana-Iba, abin da ke fara ba shi mamaki shi ne saurin ganye. Alayyafo mako uku zuwa huɗu ya isa cira. Ruwa ga shi ko ta ina, masu saye kuma tun asuba suna tsaye a bakin lambu. Sai an yi wata shida ko shekara mamaki na biyu yake zuwa: fili bai canza ba, iri bai canza ba, hannun da ke aikin ma shi ne, amma ganye ya soma rawaya, bakinsa yana ƙonewa, taki kuma kamar a rariya ake zuba shi.

Na taɓa tarar da wani dattijo a wajen Ojo yana tsugune a kan komin latas ɗinsa da ya ƙi gaba. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Me ya same shi?" Ya ce, "Yauwa ɗana. Ƙasar Ikko ce ba ta da amana. Yau ta ba ka, gobe ta hana ka." Ban yi masa musu ba, don ya girme ni a shekaru da kuma a sana'ar. Amma abin da idona ya gani a lambunan garin nan akasin haka ne. Ƙasar Legas riƙon amana gare ta har ya yi yawa. Abin da hayaƙi ya sauke mata da abin da ruwan kwata ya kawo mata, duk ajiyewa take yi, sannan ta miƙa wa shuka, shuka ta miƙa wa mai ci. Shi ya sa a lambu ba a raba maganar iska da ta ruwa da ta ƙasa. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi su, kuma a jere, don wanda ya tsallake matakin farko yakan yi asarar kuɗin da ya zuba a sauran.

Mataki na farko: binciki abin da filin ya taɓa zama

A gida ka san gonar da ka gada, ka san wanda ya nome ta kafin mahaifinka. A Legas ba haka ba ne. Wani filin tsohon juji ne da ciyawa ta rufe, wani garejin bakanikai ne da aka tasa, wani kuma fadama ce aka cike da ɓaraguzan gini da yashin da aka yaso daga ruwa. Kada ka tsaya a kan bakin mai ba ka haya, ko omo-onile ne, wato ɗan gidan masu ƙasar wurin, ko wakilinsa. Tambayi mai shayin da ya daɗe a layin, da maigadi, da matan da ke da shago a kusa. Su ne suka ga abin da aka zubar a wurin.

Bayan tambaya sai shebur. Haƙa rami uku ko huɗu a kusurwa daban-daban, zurfin gwiwa. Duba abin da ke fitowa, ka kuma shinshina. Idan ka ci karo da fasassun batura, ƙonannun wayoyi, baƙar toka mai kauri, ko warin baƙin mai da fetur, to kada ka sa ganyen miya kai tsaye a wannan ƙasa. Idan kuwa ka ga tana tana yawo, ƙasar kuma tana ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, alama ce mai kyau, ko da yake ita kaɗai ba ta isa shaida ba.

Dalilin wannan tsanani kalma ɗaya ce: dalma. Babu Bahaushen da bai ji abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. A can daga dutsen zinare ta fito. A nan tana fitowa daga tsofaffin batura, da tsohon fenti, da kayan lantarkin da ake ƙonawa don cire jan ƙarfe, da kuma fetur mai dalma da motoci suka shekara da shekaru suna ƙonawa a titunan nan kafin a daina sayar da shi a shekarun 2000. Ba ina cewa lambunan Legas sun kai na Zamfara ba, ko kusa. Amma gubar ɗaya ce, ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke ta daga ƙasa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fara taɓawa. Filin da ke daf da manyan jujin gari irin Olusosun a Ojota ko Solous a Igando, ko bayan wuraren fasa kayan lantarki, ya cancanci a kai ƙasarsa ɗakin gwaji.

Ɗaukar samfur ba wuya. Ka bi filin a karkace kamar tafiyar maciji, ka ɗebi ƙasa a wuri 10 zuwa 15, daga sama zuwa zurfin santimita 20, ka haɗa a bokitin roba mai tsabta, ka cakuɗa, ka ɗebi rabin kilo, ka shanya a inuwa. Malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha da ke Oko-Oba a Agege za su iya nuna maka inda ake gwaji. Jami'o'i irin UNILAG da LASU da cibiyar FIIRO a Oshodi suna da ɗakunan gwaji, haka cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan. Ka ce a auna maka tsami, da dalma, da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba kamar dalma. In kuɗin ya yi wa mutum ɗaya nauyi, masu lambu goma da ke fili ɗaya su yi karo-karo.

Mataki na biyu: san irin ƙasarka da tsaminta

Kudancin jihar, daga Badagry zuwa Ojo har Lekki, yawanci rairayi ne. In ka doshi tudu wajen Agege da Ikorodu sai ka fara samun jar ƙasa mai ɗan danƙo. Tsakaninsu ga baƙar ƙasar fadama mai riƙe ruwa. Don ka tabbatar, cika kwalba mai faɗin baki da ƙasa zuwa sulusi, ƙara ruwa, girgiza sosai, ka ajiye. Yashi zai kwanta a cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa ta biyo bayan awa biyu, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. Kaurin kowane layi shi ne rabonsa a gonarka. Sannan ka cika ɗaya daga ramukan nan da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In ya ƙafe kafin ka gama shan shayi, rairayi ne da ba ya riƙe taki. In ka dawo washegari ka tarar da shi, ƙasar tana shaƙe saiwa.

A nan ne al'adar da muka zo da ita take cutar da mu. A Arewa komi muke yi a ƙasa, mu kewaye shi da ɗan tudu don ya tare ruwa, saboda ruwa ne ke da tsada. Legas tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, wajen ninki biyu na abin da Kano ke samu. Saiwa kuwa numfashi take yi. Ƙasa mai kyau tana da 'yan ramuka da iska ke zama a ciki, in ruwa ya cike su kwana ɗaya ko biyu, tumatir da attarugu sai su yi yaushi alhali suna tsaye cikin ruwa. Don haka daga Afrilu zuwa Oktoba ɗaga komi za ka yi, santimita 20 zuwa 30, ka fitar da lambatu tsakani wanda ke da mafita ta gaske. Da rani a rairayi ne kawai komin ƙasa yake da amfani.

Yawan ruwan nan yana da wani aiki da ido ba ya gani. Yana wanke sinadaran da ke kashe tsami, ya bar ƙasa tana ƙara tsami shekara bayan shekara. Yuriya in ta yi yawa ita ma tana ƙarawa. Ana auna tsamin da ma'aunin da ake kira pH: 7 tsaka-tsaki ne, duk abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne. Yawancin kayan lambu sun fi son 6 zuwa 7. In ya faɗi ƙasa da 5.5, alminiyam ɗin da ke cikin ƙasa yakan narke ya ƙone bakin saiwa, fosfaros ɗin da ka saya a buhun NPK kuma ya ɗaure, shuka ta kasa ɗauka. Kai kana ganin taki bai isa ba, ka ƙara, ƙasa ta ƙara tsami.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: ƙasa mai tsami ita ce ke sakin dalma da kadmiyam su shiga saiwa. Fili biyu za su iya ɗauke da guba daidai wa daida, amma wanda tsaminsa ya yi yawa kuma ba shi da ruɓaɓɓen taki, ganyensa ya fi ɗauka. Gyaran tsami ke nan ya zama gyaran amfani da kuma kariyar mai ci.

Takardar gwajin pH tana samuwa a wajen masu sayar da kayan kiwon tarwaɗa. Dama ƙasa da ruwan sama mai tsabta, awo ɗaya da awo ɗaya, bari ta kwanta, tsoma takardar, ka gwada launin da na jikin kwali. In tsami ya yi yawa, farar ƙasa ta noma ce maganinsa. In ba ta samu ba, tokar itace zalla, tafi ɗaya zuwa biyu a kowace murabba'in mita, a cakuɗa da ƙasa mako biyu kafin shuka. Tokar gidan burodi mai amfani da itace tana da kyau. Tokar bola, da ta taya, da ta katako mai fenti, guba ce, kada ta kusanci lambu. Kuma a hankali ake yi, a sake aunawa bayan wata biyu, kada a zarce.

Mataki na uku: ruwa, inda yawancin matsalar take shigowa

Ruwa ba ya tsami banza. A Legas ruwan lambu yana da aibi iri uku, kuma kowanne da hanyar gane shi.

Na farko zartsi. Ruwan lagun, wato babban tafkin Legas mai haɗe da teku, da rafukan da ke haɗe da shi gauraye yake da na teku. Da damina ruwan sama da na koguna yakan rinjaya, ya yi daɗi. Daga Janairu zuwa Maris gishiri ya dawo. Shi ya sa mutum zai sha daga rafi ɗaya duk damina lafiya lau, rani na yi latas ya fara ƙonewa daga baki, farin ɓawo ya fito a kan komi kamar an barbaɗa kanwa. Rijiyoyin da ke kusa da gaɓa ma in aka matsa musu da inji sukan jawo ruwan gishiri. Akwai 'yar na'ura mai kama da biro da masu fiya-wata ke amfani da ita, ana ce mata TDS, tana nuna yawan gishirin da ke cikin ruwa da lamba. A ma'aunin hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ƙasa da 450 babu damuwa, daga 450 zuwa 2,000 sai da lura, sama da 2,000 kuwa matsala ce babba. Wake da karas da albasa da latas ba sa jure gishiri. Tumatir da alayyafo sun ɗan fi su haƙuri. In ruwanka yana tsakiya, kada ka riƙa yayyafi kaɗan-kaɗan, don shi ke tara gishiri a sama. Lokaci zuwa lokaci ka ba komi ruwa mai yawa ya tura gishirin ƙasa da saiwa, ka kuma rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa don rana ta rage tsotsa. Amma ka sani, wannan na'ura gishiri kawai take nunawa. Ba ta ganin ƙwayar cuta, ba ta ganin dalma.

Na biyu ƙazanta, wato ruwan da bayan gida ya shiga. Mu faɗi gaskiya, da yawa daga cikinmu daga kwata da manyan magudanai muke ɗiba da rani, don babu wani. Wannan ruwa yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa, kuma ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba. Latas da kabeji da kokwamba da lawashi ɗanye ake cin su. Tun 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙa'idar cewa ruwan da za a ba abin da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsa ɗaya a lita. Mai lambu ba shi da abin ƙirga wannan, amma yana da dabaru masu rage haɗarin sosai, waɗanda cibiyar binciken ruwa ta IWMI ta gwada a lambunan Kumasi da Akara.

Ga yadda ake yi. Maimakon ɗiba kai tsaye daga kwata, haƙa ƙananan tafkuna biyu ko uku. Cika ɗaya, ka bar shi ya kwana biyu ba a taɓa ba, kana amfani da ɗaya, na ukun yana cika. Ƙwan tsutsa yana da nauyi, ƙasa yake sauka, rana kuma tana kashe wasu ƙwayoyin a sama. Sai dai duk wannan aikin banza ne in yaro zai shiga tsakiyar tafkin da ƙafa ya tsoma buta, don ya tayar da abin da ya kwanta. Ɗora katako a baki, a tsaya a kai, a ɗebi na sama a hankali. Ɗaura ƙyalle ko tsohon gidan sauro a bakin butar. Kada a cire kan butar mai huji don sauri, kuma a riƙe ta ƙasa-ƙasa, saboda ruwan da ya faɗo da ƙarfi fantsamo ƙasa yake yi a kan ganye. In shukar ta ba da dama, kamar tumatir da kuɓewa da kabeji, a bi da ruwan ta lambatu ko a zuba a gindi, kada ya taɓa abin da za a ci. Kai kanka ka sa takalmin roba.

Na uku shi ne wanda ba shi da dabara: ruwan masana'antu da mai. Magudanan da suka ratso ta Ikeja da Ilupeju da Oshodi da Apapa, ko rafi irin Odo Iya Alaro da ke gangarowa ta Ojota, sukan ɗauko abin da kwanciya a tafki ba ta cirewa, don narkakke ne. Ruwan da ke canza launi, yau shuɗi gobe ja, ko mai kumfar da ba ta mutuwa, ko mai ƙyallin mai a sama, a bar shi. Haka rijiyar da ke warin fetur; mutanen Baruwa a Ipaja sun daɗe suna fama da man da ya tsiyaya daga bututu ya shiga rijiyoyinsu. In kana shakka, yi gwajin tsiro: faranti biyu, ƙwayar wake goma-goma a kan auduga, ɗaya ka jiƙa da ruwan sama, ɗaya da ruwan da kake tuhuma. Bayan kwana biyar ka gwada tsawon saiwarsu. In na biyun ya gajarce ko ya yi baƙi, ka samu amsa. In bai nuna komai ba, hakan bai wanke ruwan daga dalma ba, sai dai ɗakin gwaji.

Ruwan burtsatse mai barin ja a jikin tanki ƙarfe ne, ba abin tsoro ba. Bar shi ya sha iska a buɗaɗɗen tanki, jan zai kwanta. Ruwan da masu kiwon tarwaɗa ke zubarwa, irin na wajen Ikorodu, yana da taki a ciki, muddin ba ranar da suka sa gishiri ko magani ba ne. Mafi kyau duka shi ne wanda muke bari ya bi kwata: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 50, ruwan milimita 10 kawai zai ba ka lita 500. Ka bar na farkon ya zube, don shi ne ya wanke ƙura da hayaƙin da suka taru a rufin. Ko ba zai ishe ka duk lambun ba, ka ware shi don gadon reno da kuma makon ƙarshe kafin girbi.

Mataki na huɗu: dubi inda iska ke fitowa

A bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iska ya haɗa abincinsa da hasken rana. Ƙurar titi da baƙin hayaƙin tirela da janareto suna toshe su, suna kuma tare haske. Ɗauki farin ƙyalle ka goge ganye a komin da ke bakin titi, ka goge wani a taku 20, wani a taku 50. Ƙyallen zai nuna maka inda ya kamata latas ya fara. Yawancin ƙura mai nauyi kusa da titi take sauka, saboda haka layin farko a bar wa shinge: ayaba, zogale, rake, ko masara mai kauri, layi biyu in da hali. Ganyen zogalen da ke wannan shinge ba na miya ba ne. Mafi yawan shekara iskar Legas daga teku take busowa, ta kudu maso yamma, sai da hunturu ta juyo daga arewa maso gabas. Ka tsaya da yamma ka ga ta ina hayaƙi yake zuwa maka kafin ka kafa shingen.

Ƙurar hunturu dai daban ce. Wannan hazo da ke rufe gari a Disamba da Janairu, mai tasowa daga hamada har da kwarin Bodele a Chadi, yana ɗauke da 'yan sinadaran da ƙasa mai tsami ke so. Wanke shi daga ganye kawai ake yi. Wadda ake gudu ita ce ta bakin titi, mai haɗe da gogaggiyar taya da birki da baƙin mai, da kuma tokar bolar da ake ƙonawa. A kan wannan ta ƙarshe laifin wani lokaci namu ne. Ƙona leda da buhunan taki da robar magani a kusurwar lambu, hayaƙin a kan ganyenmu yake sauka, tokar kuma ruwa ya kai ta tafkinmu.

Laimar iska ma ingancin iska ce. A Kano ganye yakan bushe minti kaɗan bayan ban ruwa. A nan yakan kwana a jiƙe, funfuna kuma abin da take so ke nan. Ka ba da ruwa da sassafe, ka buɗa tazara fiye da yadda ka saba, ka ɗaure tumatir a sanda. In tumatir ya yi yaushi farat ɗaya yana kore shar, yanke karan ka rataya shi a kofin gilashi mai ruwa. In ka ga farin abu yana zarara kamar zare, cutar yaushi ce mai zama a ƙasa tana bin ruwa. Cire shi da saiwarsa, kuma kada ka maimaita tumatir ko attarugu ko gauta a wannan komi na 'yan shekaru.

Mataki na biyar: taki

A nan iska da ruwa da ƙasa suke haɗuwa a fili. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce. Watsa ta a kan ƙasa da rana tsaka, wani kaso ya bi iska. Zuba ta a rairayi ana gab da ruwan Yuni, ta bi ruwa ta sauka rijiyar da ku da maƙwabta kuke sha. Abin da ya rage ya ƙara wa ƙasa tsami. Hanyarta ita ce kaɗan-kaɗan, a binne a gefen shuka, da yamma, a bi da ruwa madaidaici. Kada ta haɗu da toka ko farar ƙasa a lokaci ɗaya, don tare suke sakin naitirojin ya tashi. Ganye kuma yakan tara abin da ya yi masa yawa, musamman a kwanakin da rana ba ta fitowa, don haka a tsayar da ita kamar mako biyu kafin cira. Ga alayyafo ke nan sau ɗaya ne, da wuri.

Ruɓaɓɓen taki shi ne ginshiƙi. Yana sa rairayi ya riƙe ruwa, yana buɗa yumɓu iska ta shiga, yana kama dalma ya rage mata shiga saiwa, yana kuma rage ɓarnar tsutsar da ke sa saiwa kullutu. Kashin kaji da na shanu daga mayankar Oko-Oba suna samuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba su ɗanye a kan ganyen da za a cire bayan mako uku: yana ƙona shuka, kuma yana ɗauke da cuta kamar ruwan kwata. Tara shi tsibi, haɗe da busasshiyar ciyawa, jiƙa shi daidai yadda in ka matsa ba zai ɗiga ba, rufe shi daga ruwan sama, juya duk mako ko kwana goma. In ka cusa hannu ka ji zafi, aiki yana tafiya. Bayan mako shida zuwa takwas, in wari ya tafi ya koma baƙi mai laushi, ya nuna. Kashin kaji mai yawan dusar katako sai an ƙara masa lokaci, don ɗanyar dusa tana ƙwace naitirojin daga shuka.

Takin juji, wanda a gida muke ɗauka da jaki mu kai gona, a Legas ban yarda da shi ba, saboda batir da gilashi da tokar roba da ke ciki. Haka kainuwar da ke rufe magudanai: tana yin taki mai kyau in daga ruwa mai tsabta aka kwaso ta, amma tsotsar ƙarafa gare ta, ta kwatar masana'anta a bar ta.

Maganin feshi kuwa, a bi abin da ke jikin kwalba, musamman kwanakin jira kafin girbi. Ba a feshi ana iska, ba a wanke tankin feshi a tafkin ban ruwa.

Mataki na shida: zaɓi shukar da ta dace da abin da ka gano

Dalma ta fi tsayawa a saiwa da ganye, ba ta cika kaiwa ga 'ya'ya ba. Wurin da kake da ɗan shakku, sa kuɓewa, attarugu, gauta, masara. Wuri mafi tsabta, mafi nisa da titi, mafi kyawun ruwa, shi ne na latas da alayyafo da lalo da ugu da karas. In gwaji ya nuna ƙasar ta lalace kuma ba ka da wani fili, koma noman buhu ko akwatin katako da ƙasar da ka kawo daga wuri mai kyau, ka shimfiɗa leda a ƙarƙashi. Wannan ya dace da zaman aro da muke yi, don ran da aka ce a tashi, da ƙasarka za ka tafi. Renon furanni da itatuwan ado ma sana'a ce mai kasuwa a garin nan, kuma ba a cin su.

Mataki na bakwai: girbi, da abin yi bayan ambaliya

Kwana biyu zuwa huɗu kafin cira, tsayar da ruwan kwata. In latas ba zai jure ba, koma ruwan sama da ka ajiye ko na burtsatse. Yanke sama da ƙasa, cire ganyen ƙasa-ƙasa, ɗora a kwando ko leda mai tsabta. Abin da ke rusa duk wahalar da aka sha shi ne a wanke kayan a tafkin ban ruwa don su yi sheƙi kafin 'yan gwari su zo. Ware bokitin ruwa mai tsabta don wannan, a riƙa canza shi. In Iya mai saye ta ce, "Malam, yayyafa masa ruwa," daga wannan bokiti za a yayyafa.

Masu lambu a gefen kogin Ogun, wajen Isheri da Owode da bayan Mile 12, sun san ruwan da ke tasowa wajen Satumba da Oktoba in an saki madatsar Oyan. Ganyen da ruwan ambaliya ya rufe ba na sayarwa ba ne, duk kyan da ya yi, don ruwan ya bi ta masai da gareji kafin ya iso. In ya janye, kwashe leda da tarkace, kankare lakar da ya bari in tana warin mai, bari ƙasar ta sha rana har ta daina manne wa fartanya. Sai ka kwashe laka daga tafkunanka, ka kai ta can gindin shinge, ba kan komi ba. Sake auna tsami, zuba toka in da buƙata, bayan mako biyu ka bi da ruɓaɓɓen taki, ka ɗaga komi. Zagayen farko ka sa masara ko kuɓewa. Latas ya jira zagaye na biyu.